Awakin tatsa, lambu da jirgin kamun kifi: nazarin ciwon da ya ci garken wani gida a fadamar Haɗeja

Gidan kafin matsalar

Gidan yana wani ƙauye ne a ƙaramar hukumar Kirikasamma, cikin fadamar da ta tashi daga Haɗeja zuwa Nguru, inda kogi yake rarrabuwa ya zama ƙoramu da tafkuna. Mutum 11 ke ci daga tukunya ɗaya. Da damina maigida yana noman gero, dawa da wake a tudu, da rani ya koma lambu. Babban ɗansa shi ne masuncin gidan. Yana da ƙaramin jirgi da birgi da mali, wato tarkon kifi, kusan 20, waɗanda yake ɗanawa da yamma ya duba da asuba. Tarwaɗa da karfasa su ya fi kamawa, a ci wasu, a yi bandar sauran a kai kasuwa.

Awakin na uwargida ne. A watan Oktoba na 2022 tana da iyaye mata 7, duk jajaye irin na Sakkwato, da bunsuru 1 da 'ya'ya 5. Gidaje da yawa a ƙasar Hausa ba sa tatsar akuya, amma ita tana yi, saboda yara da kuma surukarta da ta tsufa. Sau ɗaya take tatsa, da safe, bayan an raba 'ya'yan da iyayensu da dare. Huɗu ake tatsa a lokacin, kuma suna cika robar ruwa mai rabin lita guda uku, wato lita ɗaya da rabi a rana. Sauran ukun suna da ciki.

Lambun yana bakin wani tafki da ba ya ƙafewa, tafiyar minti biyar daga gida. Injin ban ruwa daga tafkin yake ja. Akwai rijiyar bututu da aka taɓa haƙawa ta gefen tudu, amma an daɗe ba a taɓa ta ba, domin jefa tiyo a tafki ya fi sauƙi. Kashin awaki da ake sharowa daga gida a ƙasan lambun ake jibge shi, taku kaɗan daga ruwa, kafin a zuba a fangali.

Bakin tafkin ya cika da kachala, wata doguwar ciyawar ruwa. Tun da madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 suka sauya tafiyar ruwan kogin Haɗeja, wuraren da a da suke bushewa da rani suka koma riƙe ruwa shekara zagaye, kachala ta samu wurin zama ta toshe hanyoyin ruwa da yawa. A bayanta ruwa yakan kwanta shiru, da ganye da ciyawa a cikinsa.

Oktoba zuwa Disamba 2022: bayan ambaliya

Ambaliyar daminar 2022 ta yi ɓarna a ƙananan hukumomi da dama na Jigawa, masarautar Haɗeja na cikin inda abin ya fi tsanani. Ruwa bai ci gidan ba, amma ya kwanta a gonar waken har ta ruɓe. Gidan da ya saba ɗora damin harawa 50 zuwa 60 a rumfa, a wannan kakar bai haɗa 15 ba.

Ta ɓangaren kamun kifi kuwa shekarar ta yi kyau, domin kifi yakan yawaita bayan babban ruwa. Yaron yana kan ruwa safe da yamma, kuma duk inda ruwa ya fara ja da baya ɗanyar ciyawa ce shar. Sai ya riƙa tafiya da lauje. In ya gama ɗana mali, ya yanko ciyawar daga cikin ruwa, tun daga gindi, ya cika gaban jirgi ya kawo wa mahaifiyarsa. Daga farkon Nuwamba wannan ta zama babban abincin garken. Ruwan shansu ma daga tiyon injin ake cika jarka, tunda dama ana lambu kullum.

Wata biyu awakin suka yi suna sheƙi. Nono bai ragu ba, har maƙwabta suka fara kwaikwayo.

Janairu da Fabrairu 2023: alamun farko

Nonon iyaye huɗun ya fara ja baya a Janairu, daga roba uku ya koma biyu, sannan ɗaya. Babu wanda ya damu, kuma da dalili: jar akuya takan fara ƙafewa bayan wata uku zuwa huɗu da haihuwa, ga kuma sanyin hunturu.

Abin da ya tayar da hankalin uwargida shi ne masu sabuwar haihuwa. Biyu suka haihu a tsakiyar Janairu, ɗaya tagwaye, ɗaya tilo, amma hantsarsu ba ta cika ba, dakashin ma ɗan kaɗan ne. 'Ya'yan suka fito ƙanana, ba ƙarfin kama nono. Biyu suka mutu kafin kwana 10. Ta ukun ta yi ɓari a farkon Fabrairu.

A lokacin ne sauran alamun suka bayyana. Gashi ya daina sheƙi, ya miƙe. Ƙashin baya da haƙarƙari suka fito, alhali suna cin abinci. In an sake su, uku sukan tsaya a baya suna haki. Da safe akan ga kumburi mai taushi a ƙarƙashin haɓar biyu daga cikinsu, kamar an ɗura ruwa a jaka, in an danna da yatsa sai ya lotsa. Zawo yana zuwa yana tafiya. Babu majina, babu gyambo a baki, babu tari, ba su kuma kwanta gaba ɗaya cikin 'yan kwanaki ba kamar yadda annobar awaki da tumaki da ake kira PPR take yi wa garke.

Abin da aka gwada

Uwargida ta fara da abin da ke hannu: jiƙon ɓawon maɗaci, da kanwa a ruwan sha, na mako biyu. Babu canji. Da ta ga suna ramewa, ta ƙara musu dusa daga hannu guda zuwa kusan rabin kwano kowacce a lokaci ɗaya. Washegari biyu suka kumbura ciki, suka ƙi abinci, zawon ya ƙaru. Tumbin akuya yana buƙatar mako ɗaya zuwa biyu kafin ya saba da ƙarin dusa ko hatsi, in aka zuba masa gaba ɗaya sai ya yi tsami. Aka janye dusar.

Daga nan aka koma kafso ja da yalo, ana kwancewa a ruwa ana ɗura musu kwana uku. Zawo ya ɗan tsaya, rama ta ci gaba.

Fabrairu ne lokacin da canjin takardun naira ya sa tsabar kuɗi ta yi wuya, kifin banda ma sai bashi. Maigida ya samu abin da ya samu ya je wurin wani mai sayar da maganin dabbobi a kasuwa. Ba a ga awakin ba, bayani kawai aka ji. Aka ba shi allurar ibamektin da ƙwayoyin albendazol masu miligiram 250 guda huɗu, aka ce a raba kowacce biyu don su isa garken. Aka yi hakan ranar 18 ga Fabrairu. Ƙwarƙwata ta kakkaɓe, kumburin haɓa ya sauka na kusan kwana 10, sannan ya dawo. A ƙarshen watan aka wayi gari da uwa ɗaya ta mutu a turke. Da yake mushe ce, aka ja aka binne, babu wanda ya buɗe cikinta. Ɗaya daga manyan 'ya'yan ma ya bi ta.

Duk tsawon wannan lokaci ciyawar jirgi ba ta fasa zuwa ba. Hasali ma an ƙara yawanta, don a ga sun murmure.

12 ga Maris: abin da hanta ta nuna

Da uwa ta biyu ta kasa tashi, maigida ya sa aka kira mahauci aka yanka ta tun da ranta. Jinin da ya zuba tsararo ne, ba kauri. Cikinta da ruwa ya taru. Hantar ta yi tauri, ta koɗe, da fararen layuka masu kauri a jikinta kamar jijiya. Mahaucin ya tsaga ɗaya ya matsa da babban yatsa, sai ga wasu abubuwa masu faɗi, ruwan toka, siffar ganyen darbejiya, suna fitowa suna motsi a hankali. Wasu sun kai tsawon ɗan yatsa. Ya ƙirga sama da 30 ya bari. Ya shaida wa maigida cewa yana yawan ganin irin wannan a hantar shanun da ke kiwo a fadama.

Aka sa hantar a leda, aka haɗa da ɗanyen kashin awaki uku, yaron ya kai asibitin dabbobi a cikin gari. Jami'in da ya duba ya tabbatar tsutsar hanta ce, wadda masana ke kira Fasciola gigantica, ya kuma ga ƙwanta a kashin duka ukun a madubin likita. Bayan kwana biyu ya zo ƙauyen da kansa. Bai fara da awakin ba, cewa ya yi a nuna masa inda ake yanko ciyawa.

A bakin tafki ya juya ganyen bado ya nuna musu wani ɗan ƙaramin dodon koɗi mai siririn ɓawo, bai fi gaɓar yatsa ba, wanda in an ɗaga tsininsa sama bakinsa yake buɗewa ta dama. Ya yi musu bayanin zagayen. Ƙwan tsutsar yana fita a kashin dabba. In ya faɗa ruwa ya ƙyanƙyashe, ya shiga jikin wannan dodon koɗin, ya yi makonni yana hayayyafa. Abin da ya fito sai ya manne a jikin ciyawa daidai inda ruwa ke taɓa ta, ko ya yi ta yawo a saman ruwan, ido ba ya ganinsa. Dabba ta ci ko ta sha, ƙaramar tsutsar ta huda hanji ta isa hanta, ta yi kusan wata biyu tana ratsa naman hantar, sannan ta zauna a hanyoyin maɗaciya tana shan jini. Daga ci zuwa fara zubar da ƙwai wata uku ne zuwa huɗu. Wanda ya lissafa daga farkon Nuwamba zai ga ya faɗo a Fabrairu.

Sai ya nuna tarin takin da ke ƙasan lambu, inda rarar ruwan fangali ke bi ta gindinsa ta koma tafki.

14 ga Maris zuwa Yuni: magani da canjin ci

An fara da awo. Aka aro sikelin rataye na masu sayen kifi, aka sa kowace akuya a buhu da aka huda wa ƙafafu, aka rataya a reshen darbejiya. Iyaye biyar da suka rage sun kama daga kilo 17 zuwa 24. Maigida ya yi zaton babbar za ta kai 35.

Maganin ɗura aka ba su, mai haɗin oksikulozanaid da lebamisol, wanda takardarsa ta ce mililita 5 ga kowane kilo 10. Mai kilo 17 ta sha 8.5, mai kilo 24 ta sha 12. Da sirinji marar allura ake ɗurawa, ta gefen baki, a bayan harshe, a hankali, ba tare da an ɗage kan sama ba, don kada ya bi ta huhu. Jami'in ya ja kunnensu a kan abu biyu. Akwai irin wannan haɗin mai ninkin ƙarfi a kasuwa, saboda haka a karanta kwalba kowane saye. Kuma lebamisol ba ya son a wuce ƙima, in ya yi yawa akuya takan yi ta dalalar da yawu tana karkarwa, har ta iya mutuwa.

Wannan maganin manyan tsutsotsi yake kashewa, ƙananan da ke cikin naman hanta sukan tsira su girma. Don haka aka maimaita ranar 25 ga Afrilu da 6 ga Yuni, tsakanin kowanne mako shida, yadda wadda aka haɗiya a ranar ƙarshe ma za ta girma ta gamu da magani. Game da nono, an gaya wa uwargida cewa maganin yana fita a cikinsa, kuma wasu kwalaben sun hana a ba dabbar da ake tatsa don mutane. Ita da kanta ta yanke shawarar barin tatsa gaba ɗaya, duk da azumi ya kama ranar 23 ga Maris kuma gidan ya saba da nonon a kunun sahur.

Daga ranar 14 ɗin ciyawar tafki da ruwansa suka daina shiga gidan. Ruwan sha ya koma na famfon burtsatse na cikin gari, jarka biyu masu lita 25 kullum, yara ke turowa a baro. Aka kwashe tarin takin aka mayar tudu, aka haƙa masa rami, ana zubawa ana rufewa da ƙasa da tattaka, ba a kai shi fangali sai ya yi wata uku. Zafin ruɓewa da bushewa suna kashe ƙwan.

Abinci shi ya fi ba da wahala, don bazara ce, harawa ta yi tsada. Akuya mai kilo 25 tana buƙatar busasshen abinci kusan kilo ɗaya a rana in tana shayarwa. Kuɗin bandar mako uku aka zuba a harawar gyaɗa da kowar wake. Yara suka riƙa tsinto 'ya'yan gawo da safe kafin shanu su riga su. Aka dawo da dusa, amma hannu guda da farko, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan har ta kai hannu biyu cikin kwana 10, da ɗan gishiri. Daga lambu ana kawo ganyen zogale na jikin shinge. Ganyen albasa, wanda ya yi yawa a lokacin saboda ana cire ta, jami'in ya ce a dakata da shi, domin albasa in ta yi yawa tana fasa ƙwayoyin jinin dabba, waɗannan kuwa ba su da jinin da za su yi asara.

Ya kuma koya wa uwargida duban ido. A danna fatar ido ta sama a hankali, a ja ta ƙasa, a duba cikinta a hasken rana. Ja lafiya ce, ruwan hoda mai haske a sa ido, fari kuwa jini ya yi ƙasa ƙwarai. Ranar farko huɗu cikin biyar farare ne fat. Duk Juma'a biyu take dubawa.

Wani maƙwabci ya kawo shawarar a daka 'ya'yan aduwa da ɓawonta a zuba a tafki, wani ya ce a nemo maganin feshi. Gaskiya ne aduwa tana kashe dodon koɗi, amma tana kashe kifi tare, magungunan kanti da ake yi don dodon koɗi ma haka suke. Sarkin ruwa ya hana, gidan ma bai so ba, tunda kifin tafkin ne ke sayen harawar.

Kumburin haɓa ya ɓace cikin mako biyu. Zuwa ƙarshen Afrilu idon uku ya yi ja. A awon Yuni waɗannan ukun sun ƙara kilo 3 zuwa 4. Sauran biyun ba su ƙara ko kilo ɗaya cikakke ba, duk da kashinsu ya fito ba ƙwai. Aka sayar da su a Yuli, bayan kwanakin jiran da takardar maganin ta gindaya wa nama sun wuce.

Daminar 2023 zuwa ranin 2024

Da damina aka ɗaure awakin kamar kowa, ana yanko musu ciyawar tudu bayan raɓa ta kaɗe. Wannan lokacin na tsutsar ciki ne mai shan jini, alamunta kusan ɗaya da na hanta. Uwargida ta ci gaba da duban ido, wadda ta yi fari kaɗai ake ba magani. Biyu aka ba a duk daminar.

Da kaka aka ɗora damin harawa 58 a rumfa, aka lulluɓe. Aka wanke rijiyar bututun, amma tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayu kuɗin mai ya ninka fiye da biyu, sai maigida ya keɓe ta ga fangali shida na gefen tudu, ya shuka wake da dankalin Hausa don ganyensu, da latas ɗin gida. Wannan na ƙarshen ba don awaki ba ne: mutum ma yana iya ɗaukar tsutsar nan ta ɗanyen ganyen da ya jiƙa da irin wannan ruwan. Albasa da tumatir suka ci gaba da shan ruwan tafki.

Yaron bai daina yanko ciyawa ba, salo ya sauya. Yana yanka ne taƙi ɗaya sama da ruwa, ya bar gindin, a baza a kan rumfa har ta bushe ƙayau, a ajiye wata biyu kafin a ba dabba. Na farko da ya yi ya ɗaure tun da sauran laima, tsakiyar damin ya yi funfuna, aka zubar. Damin da bai bushe ba yana iya riƙe cutar da ranta watanni.

Iyaye ukun sun haihu tsakanin Nuwamba da Disamba, 'ya'ya biyar, duk sun rayu. Biyu daga 'yan matan 2022 suka shiga sahun iyaye. A Janairun 2024 ukun da ake tatsa suna ba da roba biyu da rabi.

Abin da lamarin ya nuna

Ambaliya ce ta cinye harawa, rashin harawa ya sa aka koma ciyawar ruwa, takin da ke bakin tafki kuma yana mayar da ƙwai inda dodon koɗi yake. Ba za a ce awakin gidan ne suka fara kai cutar tafkin ba, shanu da tumaki na sha a can tun da daɗewa. Yaron da ya yi ta ɗawainiyar yankowa bai yi ganganci ba, kuma da wuya wani ya zargi abincin da dabba ta yi wata biyu tana ƙiba a kansa.

Magungunan farko sun gaza ne kowanne da dalilinsa. Ja da yalo na ƙwayoyin cuta ne, ba ya taɓa tsutsa. Ibamektin zalla yana kashe tsutsar ciki da ƙwarƙwata, ba ya kashe ta hanta, kuma rage tsutsar cikin da ya yi ne ya kawo sauƙin kwana 10 da ya ruɗi gidan. Albendazol yana iya kashe manyan tsutsotsin hanta, amma sai an ba akuya aƙalla miligiram 10 a kowane kilo. Mai kilo 24 tana buƙatar ƙwayar nan guda cur, rabi aka ba ta. Ko da an cika ƙimar, sabuwar cuta tana shigowa kowace yamma.

Asara mafi ciwo ita ce ta jinkiri. Da an buɗe cikin wadda ta mutu a Fabrairu kafin a binne, da an rage mako biyu. Da an kai kashi gwaji tun ganin kumburin haɓa, da an rage wata guda, watakila kuma biyun da hantarsu ta riga ta lalace da sun tsira. Magani yana kashe tsutsa, amma hantar da ta cika da tabo ba kasafai take komawa daidai ba.

Haɗarin bai kau ba. Da rani akan saki awakin gari, na gidan ma sukan ɓalle su bi ayari zuwa fadama, tafkin kuma yana nan da kachalarsa da shanun da ke sha. Saboda haka gidan ya tsayar da ɗurar maganin hanta sau biyu a shekara, a tsakiyar rani da gab da faɗuwar damina, bayan an auna kowacce a sikeli, kuma uwargida ta ce duk akuyar da aka yanka a gidan, ko ta suna ce, a kawo mata hantar ta gani kafin ta shiga tukunya.